Akawal, Ƙari Biyu da Ƙwayoyin Sukari daga Indiya

A gidanmu ba a yi wa Baffa musu a kan doki. Tun kafin a haife ni yake da barga. Ya san shekarun doki daga haƙoransa, ya san wanda aka cika wa ciki da dusa da kanwa aka kawo kasuwar Maigatari don a ɓoye ramarsa. Ni kuwa malamin kimiyya ne a wata sakandare, rabona da dawakinsa shi ne kilisa ran Asabar da hawa idan Sallah ta zo. Amma akwai magana ɗaya da muka daɗe muna ja da shi, cikin ladabi dai, kuma tunda na fara ganin irin kwalaben maganin homiyofati da suka jawo ta a bargunan wasu abokai, na ga gara in rubuta abin da idona ya gani da abin da na sani.

Akawal ingarma ne baƙi wuluk mai ɗan fari a goshi, shekararsa bakwai lokacin da abin ya faru. Doki ne mai sanyin hali, irin wanda ake ɗora wa yaro ranar hawa a riƙe masa linzami. Abu biyu suka fito masa a fata kusan lokaci guda. Na farko a gefen wuya: gashi ya zube a wani wuri zagayayye da bai wuce santimita 2 ba, fatar ta yi toka-toka ta yi kaushi, in ka shafa da yatsa sai ɓurɓushi ya biyo ka. Ɗan barga ya ce makero ne. Na biyu yana bayan hammatar ƙafar gaba ta hagu, daidai inda majayi yake bi, wani dunƙulallen tsiro ne mai tauri a ƙarƙashin fata, in ka kama shi da yatsu biyu yana ɗan motsi. Bai yi ruwa ba, bai yi wari ba, aka ƙyale shi.

Sai halin dokin ya soma juyawa. Da an ɗauko sirdi zai kwantar da kunnuwa baya, ya riƙa tattaka ƙasa yana kaɗa wutsiya da ƙarfi. In an zo jan majayi ya juyo da kai ya kai cizo. Ya taɓa kama ɗan barga a kafaɗa har rigarsa ta yage. A kilisa ya daina sakin jiki, ka nemi sukuwa ya turje, ka matsa masa ya yi tutsu. Ɗan barga ya ce kambun baka ne, tun ranar hawan da aka yi ta yaba shi a bainar jama'a. Wani ya ce ƙoshi ne ya yi masa yawa. Wani ya ce a sa masa linzami mai kaifi zai dawo hayyacinsa, Allah dai ya taimaka Baffa bai ɗauki wannan shawarar ba.

Ana cikin haka ɗan wani aminin Baffa ya dawo daga Indiya, inda ya kai mahaifiyarsa asibiti. Mutumin kirki ne, ba mai neman kuɗi ba, kyauta ma ya kawo. Kwalabe biyu ne 'yan ƙanana cike da fararen ƙwayoyi mulmulallu. A jikin ɗaya an rubuta Thuja 30C, a ɗayar Nux vomica 30C. Ta farko ta ƙari ce, ta biyu ta zafin rai. Ya ce a can har gwamnati ta san da wannan magani da ake kira homiyofati, akwai kwalejojinsa da likitocinsa. Gaskiya ya faɗa, domin tun 2014 Indiya take da ma'aikata guda da ke kula da homiyofati tare da sauran hanyoyin maganinsu na gargajiya. Ya kuma bar sharuɗɗa: kada a taɓa ƙwayar da hannu, a narkar da biyar a ruwa mai tsabta a ɗura wa dokin da sirinji safe da yamma, cikin lallashi ba tsawa, kada a ɗora masa sirdi har maganin ya gama aiki, a rage masa hatsi a ƙara harawa. Ku riƙe sharuɗɗan nan a ranku, don su ne rabin labarin.

Yawancin masu karɓar kwalaben nan sun ɗauka maganin gargajiya ne irin namu na sassaƙe da saiwa, an dai sarrafa shi a zamanance. Ba haka ba ne. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya ƙirƙiro homiyofati. Ya fara bayyana ra'ayin a 1796, ya fitar da littafin ƙa'idojinsa a 1810. Ƙa'ida ta farko ita ce abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama, shi zai warkar da mara lafiyar da ke da irin wannan alamar. Ta biyu ta fi ban mamaki: wai gwargwadon yadda aka sirka magani ana girgizawa, gwargwadon yadda ƙarfinsa yake ƙaruwa. Thuja wata bishiya ce ta Arewacin Amurka, tun zamanin Hahnemann suke ba da ita don tsiron fata. Nux vomica kuwa ƙwallon wata bishiya ce ta Indiya da maƙwabtanta, mai ɗauke da mummunar guba, ita suke ba mai saurin fushi.

Kada gubar ta tsorata kowa, ga abin da 30C yake nufi. A ɗauki ɗigo 1 na ruwan ganyen a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko alkohol, a girgiza, wannan shi ne 1C. A ɗebi ɗigo 1 daga nan a zuba cikin wani sabon 99, a girgiza, ya zama 2C. Haka za a yi ta yi har sau 30. Nakan sa ɗalibaina su yi wannan lissafin a allo, kuma kullum sai aji ya kaure da hayaniya, domin amsar ita ce kashi 1 cikin lambar da ke da 1 da sifiri 60 a bayanta. Ƙwayoyin zarra da ke cikin kowane abu kuwa suna da iyaka. Lambar da masana sinadarai ke ƙidaya su da ita ba ta wuce 6 da sifiri 23 a bayanta ba, saboda haka wajen zagaye na 12 kayan sun ƙare. A zagaye na 13 an kai matsayin mutumin da ya ɗiga ɗigo ɗaya cikin dukan tekunan duniya ya gauraya, kuma saura zagaye 17. Wannan ruwan ake yayyafa wa ƙwayoyin sukari, ya bushe, a zuba a kwalba.

Ban cika ganin laifin Hahnemann ba. Ya rasu a 1843, kuma sai a 1865 aka fara ƙiyasta yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin abu. Likitocin zamaninsa tsaga jijiya suke yi su zubar wa mara lafiya da jini, su ɗura masa magungunan zaiba har haƙora su yi girgiɗi. Wanda aka ba ruwa da sukari aka bar shi ya huta ya fi samun tsira, shi ya sa hanyar ta yi farin jini. Mu da muka zo bayan an yi lissafin ne ba mu da wannan uzurin.

Na zauna na zayyana wa Baffa duk wannan. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "To Malam, tunda ka ce babu komai a ciki, ai ba zai cuce shi ba. Bari mu gani." Abin da na iya yi kawai shi ne na ɗauko rula daga jakar makaranta na ɗauki hoton wuraren biyu, na ci gaba da yin haka duk ƙarshen wata.

Kafin wata ya zagayo Akawal ya sauko. Ya daina cizo, yana jin takun ɗan barga zai miƙo wuya. Bayan wasu watanni tabon wuyan ya fara tsukewa, gashi ya tsiro, har ya zamana sai ka san wurin kafin ka gane shi. Baffa ya aika aka kira ni, ya nuna wuyan da sandarsa ya ce, "Malam, zo ka ga aikin sifirinka sittin." Aka yi ta dariya har da ni. Sannan ya kawo hujjar da na san ita ce mafi ƙarfi a wurin duk masu wannan magani: "Mutum ne za ka ce ya sa wa ransa zai warke. Doki fa? Doki ya san Indiya ne?"

Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa, sai dai amsar ta fi tambayar tsawo.

Abin da ya fito wa Akawal likitocin dabbobi suna kiransa sakoyid. Shi ne ƙarin fata da ya fi kowanne yawa a dawaki da jakuna da alfadarai a duniya. Wani likitan dabbobi mai suna Jackson ne ya fara bayyana shi da wannan suna a Afirka ta Kudu a 1936. Ana danganta shi da ƙwayar bairos ɗin da ke sa wa shanu tsiro a fata, nau'i na 1 da na 2, kuma ana zargin ƙudaje da ɗaukarta zuwa inda fata ta sami rauni. Wannan kaɗai ya isa mai barga ya yi tunani, don mu nan ba abin mamaki ba ne ka ga turken doki da na saniya a gida ɗaya. Ba ya bazuwa zuwa huhu ko hanta yadda sankara take yi, a fata yake tsayawa, amma a fatar yana iya ɓarna sosai. Farfesa Derek Knottenbelt na Jami'ar Liverpool ya kasa shi gida shida, tun daga shimfiɗaɗɗen tabo mai kama da makero, da mai kaushi, da dunƙulalle na ƙarƙashin fata, har zuwa jan nama mai zubar da jini da wanda yake bin jijiyoyi yana yaɗo. Wuraren da ya fi so su ne gefen ido, kunne, hammata, ƙarƙashin ciki, matsematsi da duk inda aka taɓa jin ciwo.

Halinsa ne abin lura: ba shi da tabbas. Wani zai shekara da shekaru bai motsa ba, wani a taɓa shi ya haukace, wani kuma ya ɓace da kansa. A ƙasar Suwizalan an bi dawaki 61 na wani irin dokinsu na gida, waɗanda aka ga sakoyid a jikinsu suna da shekara 3, aka sake duba su bayan shekara 5 zuwa 7. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna kusan rabinsu ƙarin ya ɓace ba tare da an yi masa wani magani ba. Yawanci ƙananan tabo ne marasa tsanani, irin na wuyan Akawal. To a ce duk dawakin nan an ba su Thuja, da kusan masu doki 30 sun rantse da Allah ita ce ta warkar musu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ba a gane aikin magani sai an jera waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba an gwada.

Batun hali kuwa, a koma kan sharuɗɗan nan. An cire sirdi. Majayin da ake ɗaurewa tamau a kan wani dunƙulallen tsiro, yana gurzarsa a kowane taku, an daina ɗaura shi. Dokin da yake cizo lokacin jan majayi ba rashin kunya yake yi ba, faɗa maka yake yi akwai ciwo, kuma ba shi da wani bakin da ya wuce wannan. Wata likitar dawaki a Ingila, Sue Dyson, ta tattara alamomi 24 da doki yake nunawa in ana kansa yana jin ciwo, kamar kwantar da kunne, buɗe baki, fitar da harshe, kaɗa wutsiya, jijjiga kai, bayyanar farin ido, turjiya da tutsu. Ta nuna cewa in 8 ko fiye suka taru a doki ɗaya, da wuya a rasa ciwo a jikinsa. Da na duba jerin, abin da muke kira taurin kai ko ƙoshi ne kusan daga farko har ƙarshe.

An kuma rage hatsi an ƙara harawa. Cikin doki ƙarami ne, kuma yana zubo da ruwan tsami dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba, domin an halicce shi ne ya yi kiwo wajen awa 16 a yini yana ci kaɗan-kaɗan. Mu kuwa in Sallah ta gabato sai mu ɗaure shi a turke mu riƙa dumbuza masa dawa da gero don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, tsakanin ci da ci cikin yana wayam. Wannan hanya ce ta gyambon ciki, kuma cizo lokacin jan majayi yana cikin alamomin da ake yawan danganta da shi. Sannan ga ɗan barga da aka ce masa kada ya yi tsawa. Yaron da dā yake shiga da bulala a hannu saboda tsoron cizo, yanzu safe da yamma yana zuwa da ruwa mai zaƙi yana shafa wuya yana magana a hankali. Wane doki ne ba zai sauko ba?

Doki bai san Indiya ba, amma ya san mutum fiye da yadda muke zato. A Berlin, wajen 1904, an yi wani doki mai suna Hans da ya shahara wai yana lissafi, a tambaye shi ya buga amsa da kofato. Mai shi malamin lissafi ne, kuma shi kansa ya yarda da abin har zuciyarsa. Sai da wani mai bincike, Oskar Pfungst, ya gano cewa dokin fuska da jikin mai tambaya yake karantawa: in bugun ya kai lambar da ake jira, mutum yakan ɗan saki jiki ba tare da ya sani ba, dokin ya tsaya. In mai tambayar bai san amsar ba, ko an rufe wa dokin ido, lissafi ya watse. Dabbar da take ganin wannan ba za ta kasa gane cewa mai shigowa bargarta ya daina jin tsoronta ba.

Ga kuma idon mai dabba. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, an ba karnuka masu ciwon gaɓoɓi ƙwayar da babu magani a cikinta, aka tambayi masu su da likitoci ko sun ga sauƙi. Kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan masu karnukan sun ce sun gani, likitocin ma wajen kashi 45. Amma na'urar da ke auna nauyin da kare yake ɗorawa a kan ƙafar mai ciwo ta nuna, a dunƙule, ba abin da ya sauya. Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan dabbar da kake so, wadda kake ɗura wa magani da hannunka kana fatan ta warke, ido yakan yi son kai.

Rulata ce ta fara nuna abin da ba a so a gani. Yayin da ake murnar tabon wuya, na hammata yana girma a hankali. Daga santimita 2 ya haura 3, ya doshi 5. Damina ta faɗi, ƙudaje suka yi yawa, fatar saman ta fashe, jan nama ya ɓullo yana tsatsar ruwa da jini, ƙasa tana mannewa. Aka kira wanda ya kawo maganin, shi kuma ya tambayi wanda ya sayar masa. Amsar da ta dawo ita ce wannan alama ce mai kyau, maganin yana koro cutar waje ne, a ƙara haƙuri. Wannan ma yana cikin koyarwarsu tun asali, cewa ciwo yakan tsananta kafin ya warke. Nan ne na fi jin haushin tsarin gaba ɗaya. In ƙari ya ɓace, magani ya yi aiki. In ya tsaya cik, magani ya tare shi. In ya girma ya fashe, magani yana koro shi. To a wane hali ne za a ce bai yi ba? Ƙwayar sukari ba ta cutar da Akawal da komai ba, yadda Baffa ya faɗa tun farko, amma watannin da aka yi ana jiranta su ne suka mai da ɗan tsiron da za a cire cikin sauƙi ya zama babban aiki.

Ba ni na shawo kan Baffa ba, warin ne da ƙudajen. Da kansa ya ce a nemo likitan dabbobi. Likitan ya duba, ya kalli hotunan da ke wayata ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Alhaji, wannan da an kira ni yana nan," ya nuna hoton farko, "da aikin bai kai haka ba." Ya tambaya ko an taɓa shafa masa wani abu ko an yi masa sakiya. Da aka ce a'a ya yi hamdala, domin a cewarsa mafi munin waɗanda yake gani su ne waɗanda aka ɗaure da zare aka bar saura, ko aka ƙona da ƙarfe, ko aka ɗiga wa nonon tinya ko ruwan batir. Sakoyid in aka tsokane shi ba a gama da shi ba, dawowa yake yi da fushi. Ko ɗan yankin da likitoci ke ɗiba don gwaji ma ba sa ɗiba sai sun shirya yin magani nan take.

A nan akwai abin da ya kamata mai saye ya duba a jikin kwalba. Ba duk abin da aka rubuta wa homiyofati ne babu komai a ciki ba. In ka ga harafin Q, ko 1X da 2X, ko man shafawa ne, to akwai ainihin ruwan ganyen a ciki, kuma ɗanyen Thuja yana iya ƙona fata. Akwai kuma wasu mayukan da ake tallatawa da sunan na ganye ne zalla alhali suna cin nama. Shafa irinsu a kan sakoyid ba tare da likita ba tsokana ce.

Likitan bai yi mana alkawarin komai ba, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona. Ya ce babu maganin sakoyid guda ɗaya da yake ci kullum, shi ya sa hanyoyin suka yi yawa: yankewa, ƙonawa da hasken leza, daskarar da shi da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, allurar maganin sankara a cikin ƙarin, mayuka masu ƙarfi da likita kaɗai ke shafawa, har allurar BCG ta tarin fuka da ake yi wa jarirai ana amfani da ita ga wanda ya fito a gefen ido. Yankewa kaɗai, in ji shi, rabi ko fiye sukan dawo. Abin da yake da shi a hannu ya yi: ya kula da mikin har hunturu ya shigo ƙudaje suka ragu, sannan ya sa wa dokin maganin barci ya yanke ƙarin tare da lafiyayyar fata mai faɗi a kewayensa, ya bi gefen da magani na wasu makonni. Akawal bai yi hawan Sallar da ta biyo baya ba. Yanzu ana hawansa da majayi mai laushi da aka naɗe da fatar tunkiya, an ɗan ja shi baya daga tabon, kuma duk wanda zai ɗaura sirdi sai ya shafa wurin da hannu tukuna.

Wani abin da likitan ya ja hankalinmu a kai shi ne, a ƙasarmu ba kowane kumburi ne sakoyid ba. Akwai gyambon damina da tsutsar da ƙuda ke ajiyewa a miki take haddasawa. Yana kama da jan sakoyid ƙwarai, maganin tsutsa yake so, kuma yakan lafa da kansa in sanyi ya shigo, wato duk abin da ka ba doki a ƙarshen damina zai ci yabo. Akwai tsiron nama da ke tasowa a mikin ƙafa. Akwai kuma wata cutar da ke fitar da ƙuraje a jere kan layi ɗaya a ƙafa ko ƙirji ko wuya, su fashe suna zubar da mugunya. Ita wannan tana yaɗuwa daga doki zuwa doki ta kayan hawa da ƙudaje, ta addabi dawakin amalanke a Habasha, kuma akwai ta a arewacin Najeriya. Mai ɗura wa irin wannan dokin sukari yana jira, bargarsa gaba ɗaya yake sakawa a haɗari, da ta maƙwabcin da ya ari jalalarsa. Haka sauyin hali: haƙori mai kaifi da ke yankar kumatu, sirdin da bai zauna ba, ciwon ƙafa, ƙari a ƙwan haihuwar goɗiya da ke sa ta yi halin ingarma, har cizon mahaukacin kare, duk suna iya farawa da "dokin nan ya canza".

Ba ni kaɗai nake wannan ƙorafin ba. Hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta duba bincike 176 a kan cututtuka 61 ta ce a 2015 babu ko ɗaya da aka sami ingantacciyar hujjar homiyofati tana maganinta. Hukumar da ke kula da likitocin dabbobi ta Birtaniya ta ce a 2017 ba a gina ta a kan ingantaccen ilimin kimiyya ba, kuma kada ta sa a jinkirta maganin da aka tabbatar. Faransa ta daina biyan kuɗinta daga asusun inshorar lafiya a farkon 2021. Wanda ya fi burge ni shi ne bitar da wasu masu goyon bayan homiyofatin da kansu suka buga a 2014: cikin gwaje-gwaje 18 a kan dabbobi, 2 kacal suka samu abin dogaro, ɗaya a shanu ɗaya a 'ya'yan aladu, babu doki.

Baffa dai bai sauka daga ra'ayinsa ba. A wurinsa Thuja ta ci ɗaya ta kasa ɗaya, kuma ko maganin asibiti haka yake yi. Ragowar ƙwayoyin yanzu Kili ake ba, tsohon farin dokinsa da ya haura shekara 15, wanda wasu baƙaƙen ƙulli masu tauri suka fito wa a ƙarƙashin wutsiya. Wannan ba sakoyid ba ne, melanoma ce, ƙarin fararen dawaki. Kusan 8 cikin 10 na dawakin da aka haifa da duhu suka yi fari da girma suna samunta in sun kai waɗannan shekarun, kuma masu bincike a Suwidin sun gano a 2008 cewa ƙwayar gadon da ke sa su fari ita ce take jawo ta. Yawanci tana tafiya a hankali shekara da shekaru, wani lokaci kuma ta toshe hanyar kashi ko ta shiga cikin jiki. Ƙullin Kili ba su ƙaru ba tun da na fara aunawa. Baffa ya ce maganin ne ya riƙe su, likita ya ce haka suke yi ko ba a ba da komai ba.

Abin da muka daidaita a kai shi ne Baffa ya ci gaba da ba da ƙwayoyinsa, ni in ci gaba da ɗaga wutsiya da rula duk ƙarshen wata ina tura wa likita hoton. Ranar da mafi girman ya ƙaru da santimita 1, ko ɗaya ya fashe, ko ɗan barga ya ga Kili yana yunƙuri wajen kashi, za a kira likita a ranar, kuma Baffa ya yarda ba za a tambayi Indiya ba tukuna.